Ƙaramin Wardi Da Maƙiyansa: A Juya Ganye Kafin A Nemi Guba

Yau za mu bar maganar gona da rumbu, mu shiga tsakar gida, domin mu duba wata 'yar shuka wadda ta fara yawa a gidajenmu, musamman a birane. Ita ce ƙaramin wardi, wanda masu sayar da furanni a bakin titi suke kira ros. Ana sayensa don ado, ana kai shi tsaraba, ana ba amarya ko wanda ya tashi daga ciwo. Amma kukan da muke ji daga bakin mutane da yawa ɗaya ne: "Na sayo shi yana ta fure, ko wata biyu bai yi ba ya bushe." Mu ma mun taɓa yin wannan kuka, saboda haka bari mu fara da namu labarin.

Shekara uku da suka wuce, ana saura kwana kaɗan Kirsimati, wata 'yar'uwa da ta dawo daga Jos ta kawo mana tsarabar wardi tukunya uku, ɗaya ja, ɗaya fari, ɗaya kuma ruwan ɗorawa. Don murna muka jera su a falo kusa da taga, inda duk baƙon da ya shigo zai gani. Bayan mako uku sai muka ga ganyen yana koɗewa, ya yi ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masa gari, daga nan ya soma zuba. Muka dudduba, ba mu ga tsutsa ba, ba mu ga fara ba. Ranar kasuwa muka je wurin wani mai tallar maganin ƙwari muka yi masa bayani. Ko tambaya bai yi ba, ya tsiyaya mana wani ruwa a kwalbar da ba ta da takarda, ya ce wannan ba ya barin kome da rai. Muka fesa. Gida ya ɗauki wari har yara suka kwana suna tari, 'yan tsaki huɗu da suka yi kiwo inda ruwan maganin ya gangara suka mutu, ciwon wardin kuwa sai gaba ya yi. Kafin ƙarshen Janairu biyu sun bushe.

Na ukun yana gab da bin 'yan'uwansa sai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon malamin gona da ya yi ritaya, ya shigo gaisuwa. Ya dubi tukunyar ya ce, "Malam, kun juya ganyen kuwa?" Muka ce, "Baba, a juya shi a ga me?" Ya ce a kawo masa farar takarda. Ya tara ta a ƙarƙashin reshe, ya ɗan kaɗa reshen da yatsa, sai wata 'yar ƙura ta zubo. Ya ce mu zuba ido. Can sai muka ga ƙurar tana tafiya. Ya ce, "To, ga ɓarawonku nan. Maganin da kuka fesa masu gadin ya kashe, ya bar ɓarawon." Wardin nan na uku yana nan da ransa har yau, kuma da ruwa da sabulu kaɗai aka cece shi. Abin da muka koya a ranar, da wanda muka ƙara binciko daga baya, shi ne muke so mu kawo muku.

ASALIN ƘARAMIN WARDI

Waɗansu suna tsammani jaririn babban wardi ne wanda zai girma daga baya. Ba haka ba ne. Iri ne mai zaman kansa, tsayinsa yakan tsaya tsakanin santimita 15 zuwa 60, wato daga taƙi ɗaya zuwa kamu ɗaya da 'yan kai. Ganyensa ƙanana ne, ƙayarsa ƙanana, furensa kuwa sau da yawa bai fi faɗin murfin kwalbar lemo ba.

Kakansa daga ƙasar Sin ya fito. An kai shi Turai a farkon ƙarni na 19, aka yi yayinsa, sa'an nan aka manta da shi. Wajen shekarar 1917 wani hafsan soja mai suna Roulet ya gan shi a cikin tukwane a tagogin wani ƙauye da ake kira Mauborget, a kan duwatsun ƙasar Suwizalan. Ya gaya wa abokinsa Henri Correvon, masanin tsirrai a Janiba, shi kuwa ya yaɗa irin, ya raɗa masa sunan abokin nasa. Daga wannan ne wani mutumin Holan, Jan de Vink, ya fitar da wani sabon iri a 1936 wanda aka sayar a Amurka da sunan Tom Thumb. Pedro Dot na ƙasar Sifen shi ma ya fitar da nasa. Amma wanda ya fi kowa suna a wannan aiki shi ne Ralph Moore na garin Visalia a jihar Kalifoniya. Ya buɗe lambunsa a 1937, ya fitar da iri ɗaruruwa, ya rasu a 2009 yana da shekara 102.

Wannan tarihi yana nuna mana halin shukar. Tana son rana, tana son iska mai kaɗawa, tana kuma son sanyi-sanyi. Ta fi jin daɗi idan zafi yana tsakanin digiri 15 zuwa 27. Shi ya sa take yin kyau a Jos, wadda take kan tudu mai tsayin mita 1,200 ko fiye, da kuma tsaunin Mambila. A Kano, ko Sakkwato, ko Maiduguri, inda zafin bazara yakan wuce digiri 40, za ta rayu, amma sai an tsaya mata.

WURIN ZAMA DA TUKUNYA

Kuskurenmu na fari shi ne ajiye wardi a falo. Ƙanƙantarsa ce take ruɗin mutane, su ɗauka shukar ɗaki ce. Yana bukatar rana ta wajen awa 6 kowace rana. A ƙasarmu ranar safe ce ta fi masa, daga fitowarta zuwa wajen sha biyu, sa'an nan ya sami inuwa da tsakar rana. Gefen gabas na ɗaki ko na katanga ya dace. Idan ana biki ana so a shigo da shi ciki don ado, ba laifi, amma bayan kwana biyu ko uku a mai da shi waje.

Ku duba gindin wanda kuka sayo. Sau da yawa za ku tarar tsiro uku ne ko huɗu aka cusa a 'yar tukunya guda domin ya cika ido. Idan furen farko ya ƙare, sai a juye su a tukunya mafi girma, mai faɗin taƙi ɗaya ko fiye. Tukunyar ƙasa ta fi baƙar roba, gama roba tana ɗaukar zafi ta dafa saiwa. Lalle ne a huda gindin tukunyar, a rufe ramin da ɗan tsingaro don kada ƙasa ta zube. Ƙasar da za a zuba kuwa a haɗa ta kashi uku: ƙasar lambu mai kyau, da takin shanu wanda ya ruɓe sarai har ya daina wari, da yashi ko ɓuntun shinkafa da aka babbake. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, a guje shi.

A ɗora tukunyar a kan bulo ko dutse, domin ruwa ya riƙa fita, gara kuma kada ta shiga ta ramin gindi. Har ila yau kada a manta da akuya. Ƙayar ƙaramin wardi ba ta hana ta kome, cikin minti kaɗan za ta cinye wahalar shekara.

RUWA, TAKI DA ASKI

Kafin a ba shi ruwa a tsoma yatsa cikin ƙasar har gaɓa ɗaya. In ta bushe a zuba ruwa a gindi, a hankali, har ya fito ta ƙasa. In da danshi a bari sai gobe. Da bazara zai iya bukatar ruwa kullum, wani lokaci safe da yamma. Da damina kuwa abin tsoro shi ne ruwa ya kwanta a tukunya, saiwa ta ruɓe. Wardin da ya sha ƙishi har ya yi yaushi shi ne ƙwari suka fi kama wa, kamar yadda ciwo ya fi kama mai yunwa.

Game da taki, kaɗan-kaɗan ya fi. Ɗan tsunkule na takin zamani irin na 15-15-15, kamar rabin ƙaramin cokali, a bakin tukunya nesa da kara, sau ɗaya a wata, ya isa. A ba shi ruwa kafin a sa, a kuma ba shi bayan an sa. Wanda ya cika masa takin yuriya zai sami toho mai laushi mai yawa, irin wannan toho kuwa shi ne abincin da ƙwarin darɓa suka fi so.

Idan fure ya yi yaushi a yanke shi da almakashi mai tsabta, a daidai saman ganyen farko mai 'ya'ya biyar. Daga nan sabon reshe zai fito ya kawo wani furen. Sau ɗaya a shekara, gab da faɗuwar damina, a yi masa aski: a cire busassun rassa, da waɗanda suka sarƙe a tsakiya, a rage tsayin sauran da kashi ɗaya cikin uku, domin iska ta ratsa.

SANIN MAƘIYI

Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Kowane ƙwaro da alamarsa, kowanne kuma da maganinsa. Ga waɗanda suka fi damun ƙaramin wardi.

Na farko shi ne jan gizo, wanda ya kashe mana tukunya biyu. Masu noman tumatir da gauta a fadama sun san shi. Girmansa bai kai rabin milimita ba, ƙafafunsa takwas, saboda haka dangin gizo-gizo ne, ba dangin ƙuda ko fara ba. Wannan ne ya sa yawancin maganin ƙwari ba ya kama shi yadda ya kamata. A bayan ganye yake zama yana tsotse ruwansa. Alamarsa ita ce ƙananan ɗigo fari-fari ko rawaya a saman ganye, daga baya ganyen ya yi launin ƙasa ya zube. In abin ya yi nisa za a ga siririyar yana tsakanin rassa. Yana son zafi da fari da ƙura, wato hunturu da bazara su ne lokacinsa. A cikin zafi, daga ƙwai zuwa babba mako ɗaya ne ko kwana goma, mace guda kuwa takan yi ƙwai wajen 100. Mai lissafi ya lissafa ya ga abin da za su zama cikin wata ɗaya.

Na biyu su ne ƙwarin darɓa, irin waɗanda muke gani a wake da dawa. Na wardi kore ne ko ruwan hoda, sukan yi cincirindo a sabon toho da kan furen da bai buɗe ba. Mata ne suke haihuwar 'ya'ya da rai, ba tare da namiji ba, 'ya'yan kuma su soma tasu haihuwar bayan kamar kwana goma. Suna fitar da ruwa mai danƙo mai zaƙi, wanda baƙar fumfuna take hawa har ganye ya yi kamar an shafa masa kunkunniya. In kun ga kiyashi suna hawa da sauka a jikin wardi, ku bi su da ido. Zaƙin nan suke sha, kuma suna tsaron ƙwarin darɓa kamar yadda makiyayi yake tsaron shanunsa.

Na uku wani ɗan siririn ƙwaro ne kamar guntun zare, wanda yake ɓuya a cikin furen kansa. Danginsa ne suke sa ganyen albasa ya yi fari-fari. Idan fure ya ƙi buɗewa, ko bakinsa ya yi kamar an ƙona, musamman fari da ruwan ɗorawa, a kaɗa shi a kan farar takarda, za a gan su suna gudu.

Na huɗu shi ne farin ƙwaro mai kama da ɓarɓashin auduga, wanda yake maƙalewa a hammatar ganye, da ɗan'uwansa mai ɓawo da yake manne wa kara kamar ƙuraje. Sai kuma farin ƙuda, wanda yake tashi fuu in an taɓa ganye. Tsutsa da fara su kam ana ganinsu, a tsince su da hannu a ba kaji.

Akwai kuma abin da yake kama da ɓarna amma ba abin damuwa ba ne. In kun ga an yanke gefen ganye zagaye sumul kamar da almakashi, wani irin ƙudan zuma ne yake ɗiba don gina sheƙarsa. Ba ya kashe shuka, a ƙyale shi. Baƙin tabo mai zagaye da yake fitowa a ganye da damina kuwa ba aikin ƙwaro ba ne, fumfuna ce, wadda take kamawa idan ganye ya daɗe a jiƙe. Maganin ƙwari ba ya yi mata kome. A tsinke ganyen da ya kamu, a share wanda ya zuba, a ƙone, a kuma daina jiƙa ganye da dare.

MASU GADIN DA BA MU BIYA

Maganar da Baba ya yi ta masu gadi gaskiya ce. A kowane lambu akwai ƙwarin da abincinsu shi ne waɗansu ƙwarin. Ɗan buzuzun nan ja mai ɗigon baƙi yakan ci ƙwarin darɓa wajen 50 a rana ɗaya. 'Ya'yansa ba su yi kama da shi ba ko kaɗan, sun fi kama da ɗan ƙaramin kada baƙi mai ɗigon ja, mutane da yawa kuwa suna murje su bisa rashin sani. Akwai gizo-gizo na gida, da ƙoƙi-ƙoƙi, da ƙadangare, da waɗansu ƙananan gizo masu cin jan gizo. Guba mai ƙarfi takan share waɗannan duka. Jan gizo kuwa, da yake yana ɓoye a bayan ganye kuma yana da saurin haihuwa, sai ya dawo ya tarar babu mai hana shi.

Kada a ce wannan magana ce ta 'yar tukunya kawai. A farkon shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai kama da auduga ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka, ya auka wa rogo tun daga ƙasar Kwango har ya iso Nijeriya, ya sa miliyoyin mutane cikin barazanar yunwa. Masana na cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan, ƙarƙashin jagorancin Hans Herren, ba su bi ta hanyar feshi ba. Sun kawo wani ɗan ƙanƙanin zanzaro daga ƙasar Faraguwai, wanda yake saka ƙwansa a cikin jikin ƙwaron. Aka fara sakinsa a Nijeriya a 1981, daga nan ya bazu a ƙasashe masu noman rogo, ya karya lagon ƙwaron. A 1995 aka ba Herren babbar lambar yabo ta duniya kan abinci saboda wannan aiki. In ɗan zanzaro ya ceci rogon nahiya guda, ai bai kamata mu raina masu gadin tsakar gidanmu ba.

MATAKAN MAGANI

Mataki na ɗaya shi ne ido. Sau biyu a mako, da safe, a juya ganye biyar ko shida, musamman na ƙasa, a duba. Sabuwar tukunyar da aka sayo a ware ta daga sauran har mako biyu. Wadda ta kamu ita ma a ware ta.

Mataki na biyu shi ne ruwa. A karkata tukunyar, a tare ƙasar da hannu ko da leda, a fesa wa bayan ganye ruwa da ƙarfi. Gorar roba da aka huda murfinta da allura ta isa wannan aiki. A yi haka da safe, bayan kowane kwana biyu ko uku, har mako biyu, saboda ƙwan da ya rage zai ƙyanƙyashe. Wannan kaɗai yakan gama da jan gizo da ƙwarin darɓa idan an kama su da wuri. Da hunturu, ko ba a ga kome ba, a wanke ƙurar ganye sau ɗaya a mako. Furen da siririn ƙwaron nan ya shiga a yanke shi a ƙone. Mai kama da auduga kuma a goge shi da tsohon buroshin haƙori.

Mataki na uku shi ne sabulu. Ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu na sabulun ruwa marar ƙarfi, ko na sabulun wanka marar turare da aka kankare aka narkar, a lita ɗaya ta ruwa. Ban da omo, ban da bilic, ban da kananzir, dukansu suna ƙone ganye. Sabulu yana kashe ƙwaron da ya taɓa ne kaɗai, saboda haka sai an jiƙa bayan ganye sosai. A fesa da yamma, kada a fesa a cikin rana ko a kan shukar da take jin ƙishi. A fara gwadawa a reshe ɗaya a jira kwana biyu. Washegarin feshi a ɗauraye da ruwa.

Mataki na huɗu shi ne darbejiya, wadda waɗansu suke kira dogon yaro ko maina. A 1959 wani masani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a ƙasar Sudan cewa fara ta cinye kowane itace amma ta bar darbejiya. A 1968 masana a Ingila suka fitar da sinadarin da yake yin wannan aiki daga ƙwallonta. Yana hana ƙwaro cin abinci, yana kuma hana shi girma. Ga yadda ake yi: a tsinci 'ya'yan da suka nuna, a wanke, a shanya a inuwa, a ɓare, a daka ƙwayar a turmin da ba na abinci ba. Giram 50 na garin a lita ɗaya ta ruwa, wato rabin kilo a bokiti mai lita 10. A jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma sa'ad da ƙudan zuma suka koma gida. A yi amfani da shi a ranar, gama rana tana kashe ƙarfinsa. A maimaita bayan mako ɗaya. Ba ya kashewa nan take, sai an yi haƙuri kwana kaɗan. Ko da yake daga itace ya fito, a kawar da shi daga yara, domin man darbejiya yana yi wa ƙananan yara illa in sun sha.

Game da kiyashi kuwa, a ɗora tukunyar a kan dutse a tsakiyar faranti mai ruwa, yadda gindinta ba zai taɓa ruwan ba. A riƙa sauya ruwan bayan kwana uku don kada sauro ya yi ƙwai.

GARGAƊI GAME DA GUBA

Muna roƙon 'yan'uwa, kada a fesa fiya-fiya a kan furen da yake tsakar gida inda yara suke wasa, kaji suke kiwo, ake kuma shanya hatsi. Haka nan gamalin, wanda tun 2009 ƙasashen duniya suka sa sinadarinsa cikin jerin waɗanda aka amince a daina amfani da su. Ruwan taba da waɗansu suke jiƙawa shi ma guba ne mai shiga ta fata. Kada kuma a sayi kowane magani a kwalbar da ba ta da takarda, kamar yadda muka yi.

In duk matakan nan huɗu sun gaza, a ɗauki ganyen a leda a kai wa malamin gona ya gani. A sayi abin da ya faɗa a shagon da aka sani, mai lambar hukumar NAFDAC, a bi awon da aka rubuta, a rufe hanci da hannu, a fesa nesa da madafa. Kwalbar da ta ƙare kada a zuba mata mai ko ruwan sha. In tsautsayi ya sa yaro ya sha irin wannan magani, kada a ɗura masa manja ko madara, kada kuma a sa shi amai. A ruga da shi asibiti tare da kwalbar. Wani lokaci ma abin da ya fi shi ne a haƙura da tukunyar da ta lalace, a ƙone ta, a ceci sauran. Kada garin neman gira a rasa ido.

A ƘARSHE

Wanda yake da wardi mai lafiya ba ya bukatar sayen wani. Da farkon damina a yanki reshen da ya gama fure, mai tsawon yatsa, a cire ganyen ƙasa a bar biyu na sama, a kafa shi a jiƙaƙƙen yashi, a kife masa rabin gorar roba, a ajiye a inuwa. Cikin mako huɗu zuwa shida yakan yi saiwa. Ta haka ne tukunyarmu guda da ta tsira ta zama bakwai, har muka kai wa Baba biyu, muka kuma mayar wa 'yar'uwar da ta kawo mana tsarabar da ɗaya.

Abin da muka faɗa game da wardi ya shafi barkono da tumatir da yakuwa da muke shukawa a bayan ɗaki, domin ƙwarin ɗaya ne, masu gadin ma ɗaya ne. A koya wa yara gwajin farar takarda, su ne ma suka fi mu kaifin ido. Gobe da safe kafin a fita aiki, kowa ya je ya juya ganye ya gani.